MALAM MUHAMMADU AL-KATSINAWI, GWANIN LISSAFI

Sau da yawa mukan ji ɗalibai suna cewa lissafi ilimin Turawa ne, ba namu ba. Tarihin wani malami ɗan ƙasar Katsina ya isa ya kawar da wannan zato.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, Larabawa kuwa suna kiransa Al-Kashinawi. Ya yi karatu wurin manyan malaman zamaninsa, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Daga baya ya kama hanyar Makka, ya yi aikin hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar yana koyarwa.

Wajen shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙ. A ciki ya yi bayanin yadda ake tsara hatimi, wato zane mai gidaje inda ake jera lambobi har jimlar kowane layi ta zo daidai da ta sauran. Ga misali: a rubuta 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ko a tsaye aka haɗa, ko a kwance, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu.

Malam Muhammadu ya nuna hanyoyin gina hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, ba cika ba, kamar 3, 5, 7 da 11. Waɗannan huɗu kuwa suna cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. Ƙa'ida ɗaya ce ke ba da jimlar layi: a ninka lambar da kanta, a ƙara 1, a ninka da lambar, a raba biyu. Ta haka 5 ke ba da 65, 7 ta ba da 175, 101 kuwa ta ba da 515,201.

A shekarar 1732 ɗin nan ne kuma Leonhard Euler, yana zaune a Rasha, ya gano cewa 4,294,967,297, wadda aka daɗe ana zaton ba ta rabuwa, tana rabuwa da 641. Ashe lokaci guda mutumin Turai da mutumin Katsina suna ta binciken halayen lambobi, kowa ta hanyarsa.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan Hasan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, ya rubuta labarinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu gudu daga ajin lissafi. Mu ɗauki takarda da fensir, mu gwada hatimi mai gida biyar biyar, mu ga ko za mu sami 65 a kowane layi.