Jim Corbett, maharbin da ya duba bakin damisa

An haifi Jim Corbett ranar 25 ga Yuli, 1875, a garin Nainital da ke tsaunukan Himalaya a Indiya. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, amma da farauta duniya ta san shi.

A 1907 ya harbe damisar Champawat, irin mai ratsi-ratsin nan, wadda aka ƙiyasta ta hallaka mutum 436 tsakanin Nepal da Kumaon. Da ya buɗe bakinta, sai ya tarar fiƙoƙinta na dama, sama da ƙasa, a karye sakamakon tsohon harbi. Daga baya kuma ya zaro ƙayoyin beguwa birjik daga ƙafar gaba ta damisar Mohan. A kan irin wannan shaida ya kafa hujjarsa: lafiyayyar damisa barewa da aladen daji take nema, rauni ko tsufa ne yawanci ke karkato ta ga mai yankan ciyawa da mai itace, waɗanda ba su da gudu. Sau da yawa, ke nan, maharbin da ya raunata ta ya tafi shi ne mafarin bala'in ƙauye.

Wannan ne jigon littafinsa na 1944, Man-Eaters of Kumaon. A lokacin kyamara ta fi bindiga zama a hannunsa.

Ya koma Kenya a 1947, ya rasu a Nyeri ranar 19 ga Afrilu, 1955. Gandun dajin Indiya na farko, wanda aka kafa a 1936, sunansa yake amsawa yau.