Taƙaitaccen Tarihin Hermann Vogel

Ni jikan marini ne, shi ya sa tarihin wannan Bajamushe ya ja hankalina tun zuwana karatu Abuja. An haifi Vogel a 1834, ya kuma koyar da kimiyyar hoto a Berlin. A zamaninsa farantin ɗaukar hoto shuɗin haske yake kamawa, koren ganye sai ya fito baƙi. A 1873 ya gano cewa idan aka sa wa farantin rini, rinin kan tsotsi koren haske ya miƙa ƙarfinsa ga sinadarin azurfar da ke jiki. Ya rasu a 1898. Dabararsa masana ke bi yau, suna rina hodar titaniyam don hasken da ido ke gani ya motsa ta, ta ruguza gubar cikin ruwa.