Malam Abdullahin Gwandu da Amanar Baitulmali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a wannan mako za mu waiwayi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa. An haife shi wajen shekarar 1766. Ya fara karatu a gaban mahaifinsu, sannan ya lizimci wansa, ya kuma ɗauki ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mu malaman Larabci mun fi saninsa da nahawu da sarfu, ga Bahrul Muhiɗ ga Hisnur Rasin, amma yau zancen dukiyar jama'a ya kawo mu.

Shi ne ya ja rundunar Shehu a Tabkin Kwatto a 1804. Ba a cika shekara huɗu da wannan nasara ba sai zuciyarsa ta ɓaci da abin da idonsa ke gani. Ya bayyana a Tazyinul Waraƙati cewa da yawa daga nagartattun sun yi shahada, waɗansu da suka rage kuwa sun koma neman sarauta da tufafin ƙawa da dawakin kilisa. Wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas, da niyyar ba zai tsaya ba sai Makka da Madina.

Da ya iso Kano a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen birni suka riƙe shi, suka roƙa ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a. Nan ya karantar da tafsiri, nan kuma ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya jingina ƙwarai da bayanin Shehu Magili, wanda ya yi wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha tun ƙarni na 15.

Ƙa'idar da waɗannan malamai suka tsaya a kanta ita ce, baitulmali amana ne a hannun sarki, ba gādonsa ba ne. Ƙofofin shigar dukiya ƙidayayyu ne: humusi, da ushira, da jiziya, da harajin ƙasa, da fai'i, da gādon da ba magaji, da dukiyar da aka rasa mai ita. To idan masifa ta auku, baitulmali kuwa ba kome fa? Sai a aza wa jama'a taimako gwargwadon ƙarfin kowa, kamar a ce gina ganuwa don tsoron abokan gaba, amma da zarar larura ta kau sai a ɗauke. Nan ne gizo ke saƙa, domin kuɗin da aka aza da sunan larura ba safai yake sauka ba. Ga jangali: Shehu ya lissafa shi cikin zalunci a Kitabul Farƙi, duk da haka ya dawo, Turawa suka same shi suka riƙe, dattawanmu na nan Sara da Gwaram da Birnin Kudu suka yi ta biya, har gwamnatin Abubakar Rimi ta yi shelar soke shi tare da haraji a Jihar Kano a 1979.

Masu mulkin zamani in kasafin kuɗi ya gaza sai su ciwo bashi. A 2005 sai da ƙungiyar masu ba da bashi ta Faris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18 kafin ta numfasa. A ganina sharaɗin malaman nan ya hau kan bashi ma, tunda bashin gwamnati haraji ne da aka jinkirta wa 'ya'ya da jikoki: shin larura ce ta gaskiya, kuma an tabbata baitulmali ya ƙare ta hanyar halal?

Malam bai kai Makka ba, ya koma wurin Shehu. A rabon 1812 aka ba shi yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, abin ya sosa masa rai, sai bayan yaƙin Kalambaina suka daidaita. Daga nan ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari, ya koma ga karantarwa da wallafa. Ya rasu a Gwandu a 1245 ta Hijira, wato 1829. Allah ya jiƙansa, amin.