Luca Pacioli, Malamin Da Ya Koya Wa 'Yan Kasuwa Rufe Littafi

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin nazarin kasuwanci ya ga malam yana ja layi a tsakiyar allo, ya raba shi gida biyu, hagu da dama. Wannan tsari ya daɗe. Mutumin da ya fara buga bayaninsa a littafi shi ne Luca Pacioli, ana kiran sunan Luka Paciyoli, kuma shi ake yi wa laƙabi da uban aikin akanta.

An haife shi wajajen shekarar 1447 a wani ƙaramin gari mai suna Sansepolcro a ƙasar Italiya. Yana saurayi ya tafi birnin Venis, wanda a lokacin babbar cibiyar ciniki ce. Wani attajiri, Antonio Rompiasi, ya ɗauke shi ya koya wa 'ya'yansa maza uku lissafi. A gidan ne ya ga yadda fatake suke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Daga baya ya shiga ƙungiyar limaman Kirista mabiya Faransis, ya kuma koyar da lissafi a jami'o'i, har da ta Perugia.

A shekarar 1494 aka buga babban littafinsa na lissafi a Venis, wanda ake taƙaita sunansa da Summa. Ya rubuta shi da harshen da mutanen gari suke ji, domin 'yan kasuwa su amfana. A ciki akwai sashe mai babi 36 a kan ajiye lissafin ciniki. Ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba. Fataken Italiya sun daɗe suna aiki da shi, shi kuma ya tattara, ya tsara, na'urar buga littattafai ta yaɗa shi a Turai.

Ya koyar da cewa ɗan kasuwa ya fara da ƙidaya dukiyarsa da bashin da ake binsa. Sannan ya riƙe littattafai uku: na tunatarwa, na yau da kullum, da babban littafi. Kowane ciniki a rubuta shi sau biyu, ɗaya a ɓangaren mai karɓa, ɗaya a ɓangaren mai bayarwa. Idan aka haɗa jimillar ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba, to akwai kuskure, sai an nemo shi. Ya kuma ba da shawara a riƙa rufe littafi kowace shekara, musamman ga waɗanda suka haɗa jari, domin kada zargi ya shiga tsakaninsu.

A kan wannan tushe akantocin baya suka ɗora abin da ake kira gyaran ƙarshen shekara. Dalilinsa shi ne, kuɗin da ke cikin akwati ba shi ne riba ba. Dole kowace shekara ta ɗauki nata kaya.

Ga misali. Mai shago ya biya hayar shekara guda, naira 120,000, ranar 1 ga Oktoba. Zuwa 31 ga Disamba wata uku kawai ya ci, wato naira 30,000. Sauran naira 90,000 na shekara mai zuwa ne, don haka a littafi za a ajiye su a matsayin kadararsa. Haka kuma idan yaron shagon ya yi aikin Disamba amma sai a Janairu za a ba shi naira 20,000, za a rubuta kuɗin cikin abin da aka kashe a Disamba, a kuma nuna cewa bashi ne a kan mai shago. In ba a yi haka ba, ribar za ta fito da kumburi, mutum ya ci abin da ba nasa ba.

Ranar farko ta sabuwar shekara, akanta yakan juya wannan rubutu na albashi, abin da ke hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Amfanin juyawar shi ne, ranar da aka biya yaron sai a rubuta biyan kamar yadda aka saba, ba tare da an ƙirga naira 20,000 ɗin sau biyu ba.

Shi kuwa Pacioli, bayan littafinsa ya fito, sarkin Milan, Ludovico Sforza, ya gayyace shi fadarsa. A can ya yi abota da shahararren mai zane Leonardo da Vinci, wanda ya zana masa siffofin wani littafinsa da aka buga a 1509. Da sojojin Faransa suka ci Milan a 1499, tare suka bar garin. Pacioli ya rasu a 1517.

Yau fiye da shekara 500 ke nan, bankuna da kamfanoni suna aiki da kwamfuta, amma har yanzu hagu da dama sai sun daidaita. Ma'ajin kowace ƙungiya a makarantarmu, kafin ya ce an samu rara a ƙarshen zango, ya fara duba ko akwai wanda bai riga ya biya ba.