Gregor Mendel: Ɗan manomin da ya gano yadda gado yake tafiya

Duk mai kiwo a Tagriss ya san wannan: jar akuya da jan bunsuru kan haifi ɗa mai wani launi dabam, sai a ce ya ɗebo kakanni. To mutumin da ya fara bayyana dalilin haka da lissafi shi ne Gregor Mendel, ɗan wani manomi a ƙasar Turai.

An haife shi a watan Yuli na shekara ta 1822 a wani ƙauye mai suna biyu. Jamusawa suna kiransa Heinzendorf, Cekawa kuma Hyncice. A lokacin yankin yana ƙarƙashin daular Ostiriya, kuma masu harsunan biyu sun shekara ɗaruruwa suna zaune tare, kamar yadda Hausawa da Fulani da Buzaye suke cin kasuwa ɗaya a Dakoro. Yankin ya yi suna wajen kiwon shanu. Gidan su Mendel Jamusanci suke yi.

Mahaifinsa Anton talaka ne, yana noma gonarsa, yana kuma yi wa mai ƙasa aikin dole. Da aka ga yaron yana da kai, sai aka tura shi makaranta a garin Troppau, wanda Cekawa ke kira Opava. Ana cikin haka icce ya faɗa wa mahaifin, ƙarfinsa ya ragu, kuɗin karatu ya gagara. Ƙanwarsa Theresia ce ta ba shi daga cikin dukiyar da aka ajiye mata ta aure. Bai manta da wannan alheri ba, domin daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun ƴaƴanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A shekara ta 1843 ya shiga gidan ibada na Kiristoci a birnin Brno, inda aka ba shi sunan Gregor, don sunansa na yanka Johann ne. Can ya samu ci da sha da littattafai. Sau biyu yana shiga jarrabawar zama malamin makaranta, a 1850 da 1856, bai samu ba, ko da yake tsakanin haka ya yi karatu a jami'ar Viyana.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun gidan yana shuka wani irin wake na Turai. Da hannunsa yake ɗaukar garin furen wannan ya sa wa wancan, ya jira, ya ƙidaya abin da ya fito. Ya shuka tushe wajen dubu 28. Da ya haɗa dogo da gajere, ƴaƴan duka dogaye suka fito. Amma da ya shuka jikoki, sai gajeren ya dawo: kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Nan ya gane cewa kowane ɗa yana karɓar kaso ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma wani hali kan ɓuya ba tare da ya ɓace ba.

Ya gabatar da binciken a Brno a 1865, aka buga shi a 1866, amma masana ba su kula ba. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan ibadar, aikin mulki da rigimar haraji da gwamnati suka cinye sauran kwanakinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884. Sai a 1900 wasu masana uku suka sake gano abin da ya rubuta, duniya ta shaida cewa shi ne uban ilimin gado.

Mutanen yankinsa kuwa ba su wanye lafiya ba. Daular Ostiriya ta rushe a 1918, aka kafa Cekoslobakiya. A 1938 Hitler ya haɗiye yankunan masu Jamusanci, har da ƙauyen Mendel. Bayan yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1945 da 1946, aka kori Jamusawa wajen miliyan 3 daga ƙasar, aka kawo wasu suka zauna a gidajensu. Zaman tare na ɗaruruwan shekaru ya ƙare cikin ƴan watanni, sunan Heinzendorf ya fita daga taswira.

Yau ƙauyen yana cikin Jamhuriyar Cek, kuma an mayar da gidan da aka haife shi wurin tarihi. Cekawa suna alfahari da shi, Jamusawa da mutanen Ostiriya ma haka. Mu kuma nan, duk ingantaccen irin hatsi ko na wake da ma'aikatan gona suke kawo mana gabanin damina, akwai guminsa a ciki.