Ibnul Haisam, malamin da ya karanci haske a ɗaki mai duhu

An haifi Abu Ali Alhassan Ibnul Haisam a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajajen shekara ta 965. Ya yi suna a fannin lissafi, har halifa Alhakim na Masar ya ji labarin cewa malamin na iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Aka kira shi Alƙahira. Da ya je kusa da Aswan ya ga ruwan da idonsa, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan zamanin. Alhakim kuwa sarki ne da kisa ba ya yi masa wuya. Masu tarihi sun ruwaito cewa haukan ƙarya malamin ya yi don ya tsira, aka tsare shi a gida har 1021, shekarar da halifan ya ɓace.

A wajajen wannan lokaci ne ya rubuta Kitabul Manazir, juzu'i bakwai. Malaman Girka da dama sun ɗauka cewa daga ido haske ke fita ya taɓa abu. Shi ya ce daga abin yake tasowa ya shiga ido, kuma bai tsaya ga gardamar baki ba. Ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa ta ɗaki mai duhu, kowace ta bar ɗigon haskenta a bangon ciki. Ya rufe ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Ashe haske miƙewa yake sambal, kuma hasken fitilun na ratsa kafa ɗaya ba tare da ya cakuɗe ba. Shi ya sa hoton ke fitowa a kife, abin da ke sama ya sauka ƙasa.

A wani rubutu kan husufin rana, ya nuna cewa in kafar ƙarama ce, ranar da aka kama tana bayyana a bango kamar jinjirin wata. In aka faɗaɗa kafar, surar ta ɓace. Yaron da ya huda kwali da allura, ya manna takarda mai shara-shara a ɗaya gefen, wannan gwajin yake maimaitawa. In ya yi zumuɗi ya ƙara faɗin hudar, hoton ya dagule.

Bayan an sake shi ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu don samun na abinci. Ya rasu a Alƙahira wajajen 1040. An fassara littafin nasa zuwa Latin, Turawa suka san shi da sunan Alhazen, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572.