Tarihin Alexandre Yersin, likitan da ya gano ƙwayar cutar ɗa'un

An haifi Alexandre Yersin ranar 22 ga watan Satumban 1863 a ƙasar Suwizalan, ya kuma karanci aikin likita a can da Jamus da kuma birnin Paris.

A Paris ne ya kama aiki a cibiyar binciken Louis Pasteur, inda shi da Emile Roux suka gano gubar da ƙwayar cutar mashaƙo ke fitarwa. A 1890 ya bar Faransa zuwa gabashin Asiya a matsayin likitan jirgin ruwa.

A wancan zamani ba a san musabbabin ɗa'un ba, duk da cewa annobar ta hallaka kimanin kashi ɗaya cikin uku na al'ummar Turai a ƙarni na 14. Da dama na ɗora alhakinta a kan gurɓatacciyar iska.

Bukka a Hong Kong

Da cutar ta ɓarke a Hong Kong a 1894, aka tura Yersin can a watan Yuni. Ya tarar hukumomin mulkin mallakar Birtaniya sun fi ba wani masani ɗan Japan, Kitasato Shibasaburo, haɗin kai.

Sai ya sa aka yi masa bukka kusa da asibiti, ya riƙa biyan ma'aikatan jiragen ruwa masu binne gawawwaki domin su bar shi ya yanko kaluluwar mamatan.

A cikin kaluluwar ce ya ga ƙwayar cutar ta madubin likita. Kitasato ma ya ba da sanarwar gano ta, amma bayanin Yersin ne masana suka fi gamsuwa da shi, abin da ya sa daga baya aka raɗa mata suna Yersinia pestis.

Haka kuma ya samu ƙwayar a jikin matattun ɓerayen birnin. A 1898 wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, ya nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera.

Wannan ya sauya dabarun rigakafi, inda hukumomi suka mayar da hankali kan yaƙi da ɓeraye da ƙuma a gidaje da rumbuna da tashoshin jiragen ruwa.

Yersin ya zauna a garin Nha Trang na Biyetnam, inda ya riƙa haɗa maganin cutar daga ruwan jinin dawaki. Shi ne shugaban farko na makarantar likitoci ta Hanoi a 1902. Ya rasu a Nha Trang a 1943.

Har yanzu cutar ba ta ɓace ba. A 2017 ta kama mutane sama da 2,000 a Madagaska, fiye da 200 suka mutu. Sai dai a yau ana warkar da ita da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, matuƙar an kai maras lafiya asibiti da wuri.